Ƙaninki Ya Karɓi Sanda

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Jikin ƙaninki da dama, ƙafar hagun ce dai har yanzu take jan ƙasa tun faɗuwar nan. Likitar motsa jiki ta ba shi sanda mai ƙafa huɗu, shi kuwa ya mai da ita wurin rataye hula. Bango yake bi zuwa banɗaki, duk ya ɓata min fenti da tafin hannu.

Jiya likitar ta dube shi tana dariya, ta kira shi da wata kalmar Turanci, wai sitobon. Autarmu ta ce taurin kai ke nan, ba abin alfahari ba ne. Nas kuma ta ce masu wannan hali su ke warkewa, don ba sa miƙa wuya ga ciwo. To ni wanne zan kama? In tanƙwara shi, ko in zuba masa ido? Kaina ya ɗaure, kuma ina tsoron ya sake faɗuwa ba na kusa.

Ki gaida kowa.
Taki, wadda har yau kike kira Amarya

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, na bi shawararki. Na zauna gabansa na yi ta kuka, na ce fargabarsa za ta kashe ni kafin ciwon ya kashe shi. Sai ya cire hular da ke rataye a kan sandar, ya ɗauki sandar.

Likita ta yi murna, ta ce yanzu ya fita daga sahun masu wannan kalma. Amma Yaya, ni ban gane wannan sauƙin ba. Komai na ce, sai ya ce to. Na kawo miya ba gishiri, ya shanye bai yi mita ba. Na sauya masa tashar rediyo, bai ko ɗago kai ba. Mutumin da yake bin bango da kansa, yanzu in ban ce ya tashi ba, yini yake a kujera.

Don Allah ki zo. Ke kaɗai kika iya ba shi haushi. Ki tsokane shi yadda kika saba, ko Allah zai sa ya ce miki a'a.

Taki cikin damuwa,
Amarya