Miliyan da Ɗaya a Kan Rairayi

Madawa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Mubarak,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya zaman Agadas? Mu dai sai godiya.

Saƙonka ya iso, kuma bai yi mini daɗi ba. Ka ce zuwanka ba shi da amfani tunda Baba ba zai gane ka ba. Na san a bakin Kawu Ibrahim ka ji haka. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, bakinsa ya mutu, Kawu yake gaya wa kowa cewa hankalin ma ya tafi. Yanzu masu dubiya a kansa suke hira, kamar an ajiye buhun gero. Har maganar raba gonar albasarsa ta Sabon Gida sun yi, yana kwance yana kallon rufin ɗaki. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi a lakkwal, makarantar boko, har yau rabin garin nan Mushe suke ce masa, wato malam da Faransanci.

Ni ban yarda ba, amma ba ni da hujja. Ka yi mana addu'a.

Ƙanwarka,
Mardiya

Madawa, ranar Alhamis

Yaya Mubarak,

Ina gaishe ka, Gogo ma tana gaishe ka. Da fatan ka tashi lafiya.

Ka tuna tarkon da Baba yake ɗana wa ɗalibansa da miliyan da ɗaya? Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, irin su bakwai da goma sha uku. Sai ya tambaya ko miliyan da ɗaya tana cikinsu. Yaro ya gwada biyu ta ƙi, uku ta ƙi, ya yi ta hawa har ya gaji ya ce ba ta rabuwa. Nan Baba zai ja kunnensa ya ce gajiyarka ba hujja ba ce, ɗari da ɗaya tana raba ta, a samu dubu tara da ɗari tara da ɗaya, babu saura. Kai ma ka sha jan kunnen nan.

Jiya da la'asar mun fito da shi tsakar gida a kan tabarma, Kawu yana zaune. Da gangan na ɗaga murya na ce wa Gogo ai miliyan da ɗaya ba ta rabuwa, Baba ne ya koya mini. Na san in Baba bai motsa ba to Kawu ya yi gaskiya.

Sai na ga ya harare ni, hararar nan da ka sani. Ya jawo hannun hagu da ƙyar zuwa bakin tabarma, ya ja layi a rairayi, ya yi zobe, ya sake jan layi. Ɗari da ɗaya. Sannan ya miƙo hannun yana laluben kunnena. Na sunkuya na ba shi, ina kuka.

Kawu ya ɗauki takalmansa ya fita bai yi sallama ba. Na san dalili: ya tuna abin da ya faɗa a kan Baba, alhali Baba yana jin sa.

Yaya, duk abin da ake faɗa Baba yana ji. Ya ji lokacin da Gogo ta karanta saƙonka a ɗakin. Tun daga ranar, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ya juya ido. Ka taho.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Mardiya