Baba Irmiya Magaji Ya Kwanta, Mun Bar Masa Matakinsa

Cikin alhini, amma ba cikin yanke ƙauna ba, Zumuntar Maza ta Ikilisiyar Begen Tashi, Yelwa, Bauchi, a madadin Mai Girma Rabaran mai kula da ikilisiya, da Majalisar Dattawa, da ɗaukacin masu bi, tana sanar da jama'a cewa ta karɓi labarin rasuwar ubanmu kuma abokin hidimarmu, Dattijo Irmiya Magaji, shugaban masu haƙa kabari na wannan ikilisiya, wanda ya yi barci cikin Ubangiji da safiyar Talata, 14 ga Maris, 2023, a gidansa, bayan gajeriyar rashin lafiya, yana da shekara saba'in da huɗu. Ya bar matarsa, Mama Azumi Irmiya, da 'ya'ya biyar da jikoki goma sha ɗaya.

Baba Irmiya, kamar yadda kowa ke kiransa, magini ne a sana'a, amma hidimar da ya zaɓa a gidan Ubangiji ita ce wadda mutane ba sa rububinta. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da diga da shebur a makabartarmu, inda ƙasa ke da marmara, musamman da rani. Ya haƙa wa fastoci da dattawa, ya haƙa wa jarirai, ya kuma haƙa wa baƙin da ajali ya riske su a Bauchi ba dangi ba sani, duka da awo ɗaya. Bai taɓa yarda a ɗauko leburori daga waje ba, domin a ganinsa ɗan'uwa ne ke gyara wa ɗan'uwa wurin kwanciya.

Duk wanda ya yi aiki tare da shi ya san al'adarsa guda ɗaya. Idan rami ya yi zurfi, masu haƙa sukan sari wani ɗan gurbi a jikin bango domin su taka su fito, in an gama kuma a shafe shi don aiki ya yi kyau. Baba Irmiya ba ya bari a shafe wannan mataki. Ni mai sa hannu a wannan takarda na san haka da kyau, domin a rana ta farko da na shiga aikin, ina malamin makaranta mai son tsari, na sa shebur na goge gurbin tas ina jiran yabo. Sai ya miƙo mini diga ya ce, "Malam, koma ka sara. Kai ka fito, shi da zai kwanta a nan fa? Ai shi ma zai fito." Ya fi kowa sanin cewa ranar da Almasihu zai kira nasa ba wanda zai bukaci tsani. Wa'azinsa ke nan, a jikin ƙasa yake rubuta shi don iyalan mamaci su gani.

Ba za mu ɓoye wa jama'a gazawarmu ba. A 'yan shekarun nan masu haƙa sun ragu har suka koma mutum uku ban da shi, dukansu masu furfura, mu kuwa mun iya sa kwat mu zo jana'iza bayan an gama wahala. Da muka je gaisuwa ranar Talata, abin da ya fi damun Mama Azumi ba inda mijinta ya tafi ba ne, wannan ta san shi. Damuwarta ita ce wa zai haƙa wa mutumin da ya haƙa wa kowa, don har dangi sun fara maganar neman leburori. Mun ji kunya ƙwarai.

Da safiyar yau Juma'a, da dattawan nan uku suka isa makabarta, sun tarar da mutum sama da arba'in suna jira, wasu daga Miri, wasu daga Tirwun, wasu ɗalibai daga Gubi, kusan kowanne da wani nasa da Baba ya taɓa binnewa. Maƙwabcinsa na shekara ashirin, Malam Yero, ya kawo ruwa a amalanke don a jiƙa ƙasar, bai tafi ba sai da lokacin masallaci ya yi. Zumunta tana gode masa da dukan waɗanda suka karɓi diga hannu zuwa hannu.

Muna roƙon Allah Uba, mai ta'azantar da masu makoki, ya ƙarfafa Mama Azumi da 'ya'ya da jikoki da dukan dangi, ya ba su haƙuri da jimiri, ya kuma tsare musu tabbacin da marigayi ya rayu a kansa, cewa mutuwa ba ta da maganar ƙarshe a kan wanda ya ba da gaskiya ga Yesu da ya tashi. Muna kuka domin muna kewarsa, amma mun san za mu sake ganinsa.

Za a yi sujadar jana'iza gobe Asabar, 18 ga Maris, da ƙarfe goma na safe a majami'armu, daga nan a wuce makabarta. Ga Mama Azumi kuma, wadda ta aiko da tambaya ɗaya tak da aka ce mata an gama haƙa, Zumunta tana ba da amsa a bainar jama'a: ni ne na ƙarshe da ya fito daga ramin, kuma wannan karon ban shafe matakin ba.

Sa hannu:
Malam Mika'ilu Dogo Habila
Sakataren Watsa Labarai,
Zumuntar Maza, Ikilisiyar Begen Tashi, Yelwa, Bauchi
Juma'a, 17 ga Maris, 2023