Janti na huɗu a bakin rijiya

Tasawa, daren Alhamis, 6 ga Maris

Na je Kanan-Bakashe, na dawo hannu sake.

Shekara uku ke nan motar tseren nan mai injin turbo tana tsaye a garajina bisa ƙafa uku da kututturen gawo. Janti na huɗu nake nema, ƙarfen nan da ake sa wa taya, na asali, mai lambar kamfani a ciki. Issufu mai walda ya ce zai ƙera mini irinsa, na ce a'a. Shi ne kuma ya ce ya ga ɗaya a bakin wata rijiya a Kanan-Bakashe.

Bai yi ƙarya ba. An rataya shi a kan gungume, igiyar guga tana bi ta kansa, sa yana ja. Na kankare lakar da farce, lambar ta fito daidai.

Mai rijiyar dattijo ne, Arɗo Bello. Na ce, "Baba, ku sayar mini."

Ya ce, "Ɗauki, ɗana. Amma shanu ɗari ke shan ruwa nan da hantsi. Mi za ka rataya mini?"

Ban zo da komai ba. Na sake dubawa, igiya ta ci bakinsa har yatsana yana shiga. Ko na ɗauka ba zai riƙe taya ba.

Na zauna na sha nono, ina kallonsa yana juyawa. A duk motar nan shi kaɗai ke aiki.