Singiletin Da Na Rantse A Kanta

Ya Zulfa, farin badon da ke buɗewa a tsakiyar fadama, sanyin ruwan randa ga wanda ya sha gudun minti casa'in, ke da murmushinki guda ya fi mini ihun fili cike da 'yan kallo! Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya lulluɓe gidanku tun daga zaure har madafa. Wannan takarda daga Haladunki take, wanda a da Haɗeja ke kira Aradu, yanzu kuma ƙasar nan kaf take kira Mai Singileti.

Yau kwana goma sha tara wayata tana shiga ba ki ɗauka. Ban ga laifinki ba. Ni ma da zan iya ƙin ɗaukar kaina da na ƙi. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, na damƙa wa Safiyanu direba, tare da ƙunshin da za ki gani a cikin leda. Kada ki buɗe ƙunshin sai kin kai ƙarshe, don Allah.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Ni kam ko hankalina zai gushe, ita za ta rage. Shekarar da kogi ya yi ambaliya ya haɗiye filinmu na bakin fadama, turakun raga kaɗai suka rage a tsaye cikin ruwa. Na naɗe wando na shiga har ƙugu don in kwance ragar kafin ta ruɓe. Ina cikin fama da igiya sai ga kwalekwalen Malam Ari masunci ya ɗebo ku daga gona, ke da innarki, ya ratso ta tsakanin turakun nan biyu tiryan-tiryan. Wayyo Zulfa! Na ga ƙwallaye sun shiga wannan raga ba adadi, amma ban taɓa ganin abin da ya shige ta da kyau kamar ke ba. Kika dube ni, ragar a kafaɗata, kika tambaye ni ko da wannan komar mai manyan idanu nake sa ran kama tarwaɗa. Na buɗe baki zan ba ki amsa irin ta gwanaye, santsi ya kwashe ni, na nutse har kai. Da na ɗago, dariyarki na fara ji kafin in ga hasken rana. Tun ranar ban ƙara tsayawa da ƙafafuna sosai ba.

A wancan lokacin fa ni wani ne. Ƙwallo goma sha huɗu na ci a gasar masarauta, biyu a wasan ƙarshe, aka ɗauke ni a kafaɗa har ƙofar gidanmu. Daga nan Dutse, daga Dutse Kano, daga Kano wata ƙungiya a Kudu ta ba ni riga mai lamba tara. Har gwaji aka kai ni wata ƙasar Larabawa, na yi sati biyu ina cin burodi da zaitun, suka yaba ladabina, suka raka ni filin jirgi. Kina ganin tsuntsayen nan da ke sauka a dausayin Baturiya da sanyi? Duk shekara sai sun je Turai sun dawo, ba wakili, ba fasfo, ba wanda ya rage musu shekaru a takarda. Ni da na cika miki baki cewa zan kai ki can ki ga ƙanƙara, ko agwagwar ruwa ta fi ni cika alkawari.

Duk wannan da sauƙi. Babban ciwon shi ne abin da na yi a zaurenku, ranar da zan koma Kudu, shekara biyu ke nan. Kika ce da ni a hankali, kanki a ƙasa, Baba ya fara tambaya, ya kamata in turo kawuna, Kawu Hamman, ya zo a yi magana. Me ya fi wannan sauƙi? Raga a buɗe, ba gola, ba mai tsaron baya, taɓawa kawai ake jira. Amma ina! Sai Aradu ya tashi. Na zaro farar singiletin da na kai wa Ɗanladi mai zanen allunan shaguna, ya rangaɗa mata sunanki da jan fenti, harafi kamar tafin hannu. Na buga ƙirji na rantse da Allah cewa Kawu ba zai taka gidanku ba sai ranar da na ci ƙwallo a wasan da ake nunawa a talabijin, na ɗaga rigata duniya ta karanta sunanki. Na zaci za ki yi kukan daɗi. Kika dube ni, kika ce ke ba ki ce in ci ƙwallo ba, cewa kika yi in turo. Na ji da kunnena, Zulfa. Amma kunnen mai lamba tara ba ya jin komai in ba tafi ba.

Baki shi ke yanka wuya. Tun daga ranar da na sa singiletin nan a ƙarƙashin rigata, ƙafata ta daina sanina. Da, in na ga raga, raga nake gani. Yanzu in na ɗaga ƙafa sai in ga zaurenku, in ga Kawu da huhun goro, in ga ke, in ga Haɗeja gaba ɗaya ta zuba mini ido, sai ƙwallon ta tashi sama kamar an aike ta. Na bugi turke, na bugi gola a ciki, na bugi mai sayar da ruwa a bayan raga. Wata rana aka ba ni fenareti, na aika ta bayan katanga, har yau ba a dawo da ita ba. Abokaina na gida suka aiko mini saƙo wai manoman shinkafa na nemana, in zo in riƙa harba musu ƙwallo sama ina korar tsuntsayen jan-baki daga gona. Wasa talatin da ɗaya, Zulfa! Talatin da ɗaya ba ko ɗaya! Daga fili na koma benci, a bencin ma na samu gurbi na dindindin, har katakon ya ɗauki siffata. Gwiwar hagu kuma ta fara ba ni labarin hadari tun kafin ya haɗu. A takarda shekaruna ashirin da uku, amma gwiwar nan ba ta iya karatu ba, ta san ashirin da tara ne. Ke ma kin sani, tunda innarki ta ci tuwon sunana.

Duk bayan wasa ni nake wanke singiletin da hannuna, ba na bari ta shiga cikin kayan ƙungiya. In cuɗa ta da sabulu, in shanya ta a cikin ɗaki don kada a gani, in mayar da ita jikina ranar wasa. Ina ganin jan yana komawa ruwan hoda, ruwan hodan yana komawa inuwa, amma idona ya saba, ni kullum sunanki nake karantawa raɗau. Wanda yake so ai ba ya buƙatar fenti. Na manta cewa kyamara ba ta son kowa.

Sai ga ranar nan da kika sani, da kowa ya sani. Wasa a talabijin, koci ya ce zai sa ni, ni kuma na bi mutane ɗaya bayan ɗaya a waya ina cewa kada wanda ya kuskure. An ce gidajen kallon Haɗeja sun cika har waje, wasu daga Birniwa suka yi takakkiya. Saura minti tara aka sako ni. Aka ɗago ƙwallo daga dama, na fyalla a guje, na sa mata kai, ta girgiza raga! Ya Zulfa, a wannan daƙiƙar na ga aljannar duniya. Na ruga wajen mai kyamara, na zube a kan gwiwoyina, na janyo rigata na rufe fuskata da ita, na baje ƙirji. Ina jin fili ya ɗauki sowa, ina kuka a cikin rigar, ina kiran sunanki. Ina ta jiran abokan wasana su faɗo a kaina. Shiru. Da na sauke rigar sai na ga mai tuta ya ɗaga tutarsa tun tuni, satar gida na yi da taku biyu cur. Sowar da nake ji ashe dariya ce. Alƙalin wasa ya tako a natse ya nuna mini katin gargaɗi na cire riga a kan ƙwallon da ba a ƙirga ba. Abin da duniya ta karanta a ƙirjina kuwa shi ne tsohuwar singileti mai ruwan toka, wuyanta ya saki, babu ko harafi guda. Kafin in isa ɗakin canza kaya hoton ya gama zaga wayoyin mutane. Sauri ya haifi nawa: a fili na riga kowa da taku biyu, a ƙofar gidanku na makara da shekara biyu.

Duk dariyar da aka yi mini ba ta huda ni kamar saƙonki ba. Na haddace shi kamar karatun allo. Kika ce alhamdu lillahi da rubutun ya wanke, domin sunanki a bakin Kawu kike son a ji shi, a zauren Baba, ba a ƙirjina a gaban maza dubu ba. Kika ce kin gaji da kare ni a wajen 'yan uwanki, kuma in aka gama kwashe alkamar bana ba a ga kowa daga gidanmu ba, za ki ɗauka na sallame ki, ke ma kin sallame ni. Daga nan kika daina ɗaukar wayata. Zulfa, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, domin an gaya mini alkama ta yi ja a fadama, har wasu sun fara yanka. Me zan yi da raga in ba ke? Wa zan nuna wa in na ci? Ashe shekara biyun nan ba ke nake girmamawa ba, kaina nake yi wa ado da sunanki, ke kuma na bar ki a zaure kina jira kamar zalɓe a bakin ruwa. Ki yafe mini. Na ji kunya, kuma kunyar ta dace da ni.

To ga abin da na yi. Na je wurin limamin masallacin da muke salla a nan, na kwashe labarin duka na gaya masa. Bawan Allah ya yi ta kokawa da dariya a cikin gemunsa, ashe shi ma ya ga hoton. Ya ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi ta alheri, sai ya karya ta ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Washegari na sa aka dafa shinkafa da wake, na ɗauka da kaina na kai wa mutum goma, na tsaya har suka cinye. Wannan ne karo na farko cikin shekara biyu da na nufi wuri da abu ya isa inda na nufa. Rantsuwa ta warware, Zulfa. Babu sauran ƙwallo tsakanina da ke.

Ba zan ɓoye miki abin da za ki samu ba. Ƙungiya ta ce ba za ta sabunta kwantiragina ba, kuma ban yi musu gardama ba. Wata ƙarama kusa da gida ta ce in zo, wataƙila in taɓa kaka ɗaya ko biyu kafin gwiwa ta yanke hukunci. Bayan wannan akwai gonar mahaifina a fadama, da hannuwa biyu da ba su taɓa yin satar gida ba. Babu Turai, babu ƙanƙara, babu Aradu. Akwai Haladu, wanda sonki ya cika masa zuciya kamar yadda ciyawar kacalla ke cika kogi: a sare ta, a ƙone ta, ruwa na dawowa ta tsiro.

Yanzu ki buɗe ƙunshin. Ita ce. Ki goge fitila da ita, ko ki tsane kwanuka, ko ki ajiye don ranar da na sake buga ƙirji ki ɗauko ki nuna mini. Ba zan ƙara sa sunanki inda sabulu zai kai ba.

Ranar Asabar bayan la'asar Kawu Hamman zai yi sallama a ƙofar gidanku da goronsa, shi da dattawa biyu. Abu ɗaya nake roƙo, ya hasken idona: ki ce wa Baba ya saurare su. Na san kin taɓa bar mini raga a buɗe na harba sama. Shi ya sa wannan karon ba ni zan buga ba. Kawu ne zai buga, ni ina benci, wurin da na fi ƙwarewa, ina jiran ki ɗaga tuta ko ki bar ta a ƙasa.

In kin bar ta a ƙasa, ni naki ne har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa karo na biyu, zuwa makwancina. In kin ɗaga ta ma naki ne, sai dai daga nesa. Ban rantse ba, na koyi hankali. Faɗa kawai na yi, kuma za ki gani.

Naki har abada,
Haladu Usaini,
mai shekara ashirin da tara cif.