Kati Goma Sha Bakwai Babu Suna

Auta,

"Ke ce mai digiri biyu, ke za ki raba mu da kwalayen nan." Da wannan Fasto ya tare ni a bakin ofishinsa ranar Lahadi, ban ko gama gaishe shi ba. Kin ga ke ma ban gaishe ki ba. To, ina gaisuwa. Yaya karatu, yaya marasa lafiyar da kuke koyon allura a jikinsu? Muna lafiya, Baba ma lafiya, sai dai abin da zan gaya miki.

Kwalayen na katunan tuba ne. Kin san su: a taron farkawa na kowace shekara, wanda ya karɓi Yesu sai ya cika kati, suna da adireshi, ya sa alama ko karo na farko ne ko komowa ya yi. Na shekara goma sha bakwai ne jibge a bayan kabad, ɓera ya riga ya cinye tuban mutum kusan hamsin. Fasto yana so a shigar da sauran cikin kwamfuta.

Sati guda ina bugawa. Na ga wata baiwar Allah da ta tuba a karo na farko sau huɗu, da suna uku. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsayar da ni wani kati ne babu suna, babu adireshi, sai alama a gurbin karo na farko. Kowace shekara akwai guda. Na jera su a tebur, goma sha bakwai cif. Duka da fensir mai faɗin baki aka yi su, alamar kuma irin wadda kafinta ke yi wa katako ce a inda zai sa zarto. Auta, irinta tana jikin ƙofar ɗakinmu, inda ake auna tsawonmu muna yara.

Baba ne. Dattijon ikilisiya, mai zagayawa da kwandon katunan, wanda duk Asabar yake koya wa sabbin masu bi darasin tabbacin ceto. Shi kansa bai tabbata ba.

Fasto ya ga jerin kafin in tattara, murna kamar ya taka rawa. Ya ce ga rai yana ta neman hanya, zai ɗaga katunan a gaban jama'a ya kira mai su ya fito. Na roƙi sati uku, na ce aikin bai ƙare ba. Gaskiya na faɗa, don tun ranar na daina bugawa.

Ban kira ki a waya ba, kin san kunnen Baba. Me zan yi?

Ki huta lafiya,
Yayarki

*

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da Baba da dukan 'yan'uwa.

Sau uku na karanta wasiƙarki a ɗakin canja kaya. Na yi kuka, na yi dariya, har shugabar sashenmu ta leƙo ta tambaya ko miji na samu. Yaya, wannan ai albishir ne! Ki duba fa, ɓera ya ci hamsin ya bar goma sha bakwai ɗin nan. Kuma duk cocin, wa Allah ya zaɓa ya gani? Ke, mai zama a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, kina duba agogo idan wa'azi ya wuce minti arba'in.

Ki gaya wa Baba ceto ba maganin hawan jini ba ne da za a riƙa sake karɓa. Almasihu ya gama aikin sau ɗaya. Ruhu Mai Tsarki kuma ba baƙon taro ba ne da zai zo kwana uku ya naɗe tabarma, zama ya zo yi. Ga shafi biyu na ayoyi na haɗo, ki kai masa yau yau.

Roƙo ɗaya nake yi: kada ki je masa da muryar nan taki ta lacca. Ki zauna ƙasa, ki yi kamar 'yarsa.

Ina azumi gobe dominku.

Taki har kullum,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ki sha ruwa, na je.

Na same shi a shago da hantsi yana goge ƙafar kujera. Na zauna a kan wani guntun katako kamar yadda kika umarta, siket ɗina na ofis ya sha garin zarto. Na miƙa masa shafukanki. Ya sa tabarau, ya karanta tsaf, ya zaro fensir daga bayan kunne ya gyara miki lambar aya biyu. Ya ce ki ƙara ƙoƙari.

Sai na ajiye katunan a kan benci. Bai tambayi inda na samo su ba. Ya ci gaba da gugarsa, sannan ya tambaye ni ko na san abin da ya sami hannun Baffa, ƙaninsa. Na ce inji ne, haka Mama ta gaya mana kafin ta rasu. Ya ce babu wani inji. Sati ɗaya bayan an yi wa Baba baftisma, Baffa ya yanke ƙofar wani mutum ta gaza da inci biyu, Baba kuma ya ɗauki katako ya sauke masa a hannu. Hannun bai sake miƙewa ba. Abin da ya raba Baffa da aikin kafinta ke nan ya koma gadi, shi ya sa kuma ba sa haɗuwa sai wurin jana'iza.

"Wanda Ruhun Allah ke cikinsa ba ya yin haka," in ji shi. "Ruwa kawai na shiga na fito."

Ya ce yana ganin mutane a taro suna kuka suna rawar jiki, shi bai taɓa jin komai ba. Darasin Asabar kuwa ya gaskata kowace kalma, amma domin waɗansu.

Ban san daga ina maganar ta zo mini ba. Na ce masa mu Baba biyu muka yi. Na farko, da mun ji ƙarar babur ɗinsa sai ƙarƙashin gado. Na biyu shi ya yi shekara biyu yana wanke Mama yana juya ta, ban ji ya ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Na tambaye shi wa ya yi wannan aikin, tunda dai ba tsufa ba ne, mun san tsofaffi masu zafin rai. Na ce Baba na farko ya fasa abubuwa da yawa yana barcinsa lafiya, to wa ke damun na biyu da zancen hannun nan? Ya ce Shaiɗan ne, mai tuna wa mutum laifinsa. Na ce me yake ce muku? Ya ce magana ɗaya ce kullum: tashi ka je ka same shi.

"Baba, ni ba fasto ba ce," na ce, "amma ban taɓa jin Shaiɗan ya aiki mutum neman gafara ba. Wurin Baffa ake aikenku, kuna kai kati kwando."

Ya dube ni ta saman tabarau, na ce yau na gamu da Baba na farko. Sai ya fashe da dariya, har ya dafa benci, daga nan dariyar ta zama wani abu daban. Na juya ina ƙirga ƙusoshi.

Kada ki gaya wa kowa, amma da na koma mota sai da na yi minti goma kafin in iya sa makulli.

Yayarki

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na gode da ayoyi.

Na je wurin Fasto da ƙafata, na ce masa ya daina neman mai katin, ga shi. Ranar Lahadi zan tsaya in faɗa wa jama'a da bakina.

Na daɗe ina jiran Ruhu ya girgiza ni, ashe yana ciki yana magana, ni ne na ba shi sunan wani. Gobe zan je wurin Baffanku. Ba don in sami ceto zan je ba. Na samu tun tuni, shi ya sa zan iya zuwa. Ko ya kore ni, wannan ba zai canja ba.

Ki ci abinci. Yayarki ta ce kina azumi.

Mahaifinki

*

Auta,

Gaisuwa a gurguje, a mota nake rubutu.

Na kai shi da azahar. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, hanya duka yana gaya mini in rage gudu, da na rage ya ce me nake jira. Mun sami Baffa a ɗan ɗakin gadinsa na bakin sito yana jin rediyo. Baffa ya miƙe yana kallon Baba.

"Yaya, ka tsufa. Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu. A kan hannunka na zo."

Baffa ya kashe rediyon. Ya jawo kujerarsa ɗaya tilo da hannun mai lafiya, ya tura masa. Ni kuwa na riga na gyara tsayuwa a bakin ƙofa don in kwaso miki labari. Baffa ya ce, "'Yata, digirinki bai kai nan ba. Je ki, zan sa shi a motar haya idan mun gama."

Ya rufe ƙofar a hankali. Na tayar da mota.

Sai kin zo,
Yayarki