Lambar da Yayanki Ya Rubuta

Assalamu alaikum 'yata,

Ina gajiya? Ya yara, ya ƙafar gwaggonki? Ki gaida mijinki, ko da yake shi bai taɓa aiko min da gaisuwa ba. Maƙwabcina ke rubuta min wannan, na kuma ce kada ya gyara min magana.

Lafiyata ƙalau. Tarin da aka kai miki labari na sabulun wanke tarago ne kawai, kowa a nan yana yi.

Kin dame ni in dawo gida, wai taurin kai gare ni. To ji dalili. Akwai wani kan jirgin ƙasa da marigayi yayanki ya rubuta wa lamba da hannunsa, lokacin yana aikin fenti a tashar nan. Ban iya karatu ba, amma na san hannunsa. Ƙarshen lambar ya ɗan karkace, fentin ya ɗiga a ƙasa. Duk ranar da jirgin ya shigo ni ke wanke wurin da tsumma, ba na bari a sa masa burushi.

Makon jiya aka kankare lambar, aka yi sabon fenti, aka manna sabuwa ta leda. Na roƙi oga tun kafin a fara, ya ce, “Haba Baba, lamba ai lamba ce.” Ban ƙara gaishe shi ba.

Jiya jirage suka jeru, duk launi ɗaya. Na yi ta zagayawa da bokitina, ban gane na yayanki ba.

Ki sa a share min ɗakina. Ba kuma don kin ce ba ne.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki