Indararon Ɗakin Inna

Maska, ta Funtua,
Laraba, 8 ga Yuni, 1988.

Zuwa ga Yaya Abdussamad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Lauratu da yara, ya kare ku daga sharrin hanya da na baƙin gari, ya sa albarka a aikinka na can Ikko. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, mun shuka dawa da masara a gonar bakin rafi, har sun fito sun yi kunne biyu. Auduga dai sai nan gaba kaɗan. Sakinatu ta zo daga gidan mijinta ta kwana uku, ɗanta yana haƙori, ya hana kowa sakat. Kawu Bature ƙafarsa ta yi sauƙi, yana zuwa masallaci da sanda. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya.

Kafin komai, Inna ta ba ni saƙo, ta kuma ce shi zan fara faɗa maka: ɗakin ya yi kyau. Na faɗa. Kuma gaskiya ce ta faɗa, duk unguwar nan babu irinsa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna da ka zo bayan kaka, ka zauna a kan turmi kana ba mu labarin shirin da kake kallo a talabijin, wanda ake ɗaukar tsohon gida a gyara shi ya koma sabo? Ka zana mana a bayan kwali yadda kake so a mai da soron Inna, gaba sumul, sama a miƙe, fenti fari da shuɗi. Shitu birkila ya yi aikin a bazara kamar yadda ka bar masa. Ya shafe bango da siminti, ya shafe saman rufin, ya daidaita rawanin ginin. Sai dai ya cire indararo biyun nan na yumɓu da Baba ya sa tun shekarar da ya gina ɗakin, ya toshe gurbinsu, wai a zanenka babu su, kuma suna ɓata fuskar gini. A madadinsu ya bar wata 'yar kafa a baya, ba ta fi bakin kwalba ba. Ranar da ake aikin Malam Maiwada magini, abokin Baba, ya zo wucewa ya tsaya ya daɗe yana kallo. Abu ɗaya ya tambaya, ta ina ruwa zai bi. Shitu ya yi dariya ya ce wannan aikin zamani ne, tsofaffi su je su huta. Ni ma na yi dariyar, Yaya, ba zan ɓoye maka ba, don ni ke ɗebo yashi ina jin kaina.

Amma tambayar ta zauna mini a rai. Da aka yi Sallah sai na ce bari in je in ga shirin nan da idona. Akwai wani mai shagon rediyo kusa da tashar jirgi a Funtua da ke fito da talabijin ɗinsa waje ranar Lahadi bayan la'asar. Lahadi uku a jere ina hawa keke ina zuwa. Turanci suke yi, ba na jin komai, amma ido ba ya neman tafinta. Za a ɗauki miji da mata a zaga da su gida uku, suna buɗe ƙofofi suna leƙa banɗaki, su zaɓi ɗaya, a farfasa shi a gyara, sannan a kawo su matar ta rufe baki tana kuka. Masu kallo suna ta gardama a kan kujeru, wani yana cewa ko gadon kare na gidan ya fi nasa. Ni kuwa sama nake kallo. Na lura da abu biyu. Na farko, in suka fasa bango ba jar ƙasa ke zubowa ba, bulo ne har ciki. Na biyu, ban taɓa ganin an yi ruwa a shirin ba, kullum rana. Sai a Lahadin nan da ta wuce, mai ɗaukar hoton ya zagaya ta bayan wani gida, kamar ƙiftawar ido, na ga bututu ya sauko daga rufi har ƙasa, an shafa masa fenti kalar bango don kada a gan shi. Ashe su ma suna da indararonsu, ɓoye shi suke yi. Na hau keke na dawo gida, ban tsaya ko'ina ba tun daga Funtua har Maska.

Washegari Litinin da azahar aka yi ruwa mai ƙarfi. Yana ɗaukewa na jingina tsani na hau. Yaya, ruwa na tarar kwance a kan ɗakin Inna har idon sawu, kamar an yi tafki. Ganyen darbejiya ya toshe 'yar kafar nan. Na zare shi, na kwashe sauran da ƙwarya, sai na ga simintin ya yi tsaga-tsaga sirara kamar gashi, ruwa yana shiga ta ciki ina kallo. Jiya da safe na je na ɗauko Malam Maiwada. Bai ce ai na faɗa ba, Allah ya saka masa. Ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, wani wuri ya yi ƙara tim, wani wuri ya yi kamar ganga. Ya ce inda ya yi ganga siminti ya rabu da ƙasa, ruwa na tsakani. Ya ce ginin ƙasa da aka yaɓe da makuba in ya sha ruwa rana tana fitowa zai bushe, amma siminti in ya bar ruwa ya shiga ba ya barinsa ya fita, sai ƙasar ta jiƙe ta yi nauyi a kan azara. Muka shiga ciki. Azara ta uku daga ƙofa ta yi baƙi, ya soka mata bakin wuƙa ya shige kamar a rogo dafaffe. Ta ɗan sunkuyo, kuma daidai saman gadon Inna take.

Na tambaye shi kwana nawa muke da su. Ya ce sanin gaibu sai Allah, amma a ganinsa za ta ɗauki irin ruwan Litinin sau biyu ko uku, marka kam ba za ta kai ba. Kai kuma ka ce sai Babbar Sallah za ka zo, saura wajen mako bakwai. Abin da ya ce a yi ba mai yawa ba ne: a fasa gurbin indararo a mai da su, a ɓamɓare simintin saman rufi a sake da makuba, a tokare azarar da gungume kafin rani a canza ta. Na gaban ɗakin da fentinsa a bar shi yadda yake. Aikin kwana uku ne in an sami sarari ba ruwa.

To, a nan muka maƙale. Inna ta ce ba mai taɓa ɗakin. Ta ce wanda ya sa aka yi, shi zai ce a fasa. Na ce to ta koma ɗakina kafin mu ji daga gare ka, ni in kwana a zaure, ta ce ba ta tashi daga ɗakin da aka gyara mata ta koma rakuɓe, mutane su ce gyaran bai yi ba. Na kawo Kawu Bature ya yi mata magana, ta saurare shi har ya gama, ta kawo masa fura, ta tambaye shi ƙafa. Sakinatu ta yi kuka, Inna ta ce ta je ta ba ɗanta nono.

Da farko na ɗauka taurin kai ne irin na tsufa. Da na zauna na duba sai na ga ba haka ba ne. Kai ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunanka ba, sai dai yayanku, ko mutumin Ikko. In ka zo ba ta kallon fuskarka, in an yabe ka a gabanta sai ta tashi ta shiga madafa. Duk mun san kunya ce, ba rashin so ba. Amma tun da aka gama ɗakin nan, sau biyu take share gabansa a rana. In kaji suka fantsama wa fentin laka, da tsumma take bi tana gogewa. In mata suka zo, ba ta ce musu komai a kan ginin, sai dai ta shimfiɗa musu tabarma inda dole fuskarsu ta kalli bangon, su yi ta yabo, ita tana tsince wake kamar ba ta ji. Shekara talatin da wani abu ba ta sami hanyar yin alfahari da kai ba sai yanzu, ba tare da ta buɗe baki ba. In muka sa guduma a wurin, a ganinta mun faɗa wa gari cewa ka yi kuskure. Ta gwammace ta kwanta a ƙarƙashin azarar.

Kuma kada ka ɗauka ba ta sani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta kwashe jeren kwanoninta daga wannan ɓangaren ta mai da su kusa da ƙofa. Gadon ne kawai ba ta matsar ba, don shi duk wanda ya shigo zai lura. Jiya da na durƙusa ina duba ƙasan bango, na ga wani abu a ƙarƙashin gadon naɗe cikin buhu. Indararon Baba ne, duka biyun. Shitu a juji ya jefar da su, ashe ta bi ta ɗauko ta wanke ta ajiye. Ban ce mata na gani ba.

Ga roƙona, Yaya. Mati direba, mai kai masara Ikko, shi zai kawo maka takardar nan hannu da hannu, ya ce in Allah ya yarda kwana takwas zai juyo. Kada ka ba shi amsa a rubuce, don Inna za ta ce ni na ƙara gishiri wajen karantawa. Ka yi magana a kaset. Kuma kada ka yi da ita, ka san ba za ta tsaya ta saurara ba. Ka yi da ni. Ka kira sunana ka ce, Mudi, na sake shawara, ina so a mai da indararon Baba, a yi wa saman makuba, ka kira Malam Maiwada. Ka faɗe shi kamar ci gaban aikinka ne, kada ka ambaci azara ko tsoro. Ni kuma zan aro rikoda in kunna a tsakar gida lokacin da take tsintar wakenta. Ba za ta ɗago kai ba, amma za ta ji.

Ba na rubuto don in ɗora maka laifi ba. Da zuciya ɗaya ka yi, kuma abin da suka nuna maka ka gani, wanda suka ɓoye ne ba ka gani ba. Ni da nake nan ina ganin damina kowace shekara, ni ya kamata in fara tambaya.

Abu ɗaya kuma zan faɗa maka don kada ka ji a bakin wani. Tun da nake ban taɓa ƙetare maganarka ba, ban taɓa ƙetare ta Inna ba. Amma na karɓo guduma da kurfi, ƙarfen fasa siminti, a wurin Malam Maiwada, suna zaure, tsani kuma yana jingine ban mayar ba. In babban hadari ya taso kafin Mati ya dawo, zan hau in fasa gurbin nan biyu. Gara ka zo Sallah ka yi mini faɗa a gaban kowa, da a aiko maka ka zo zaman makoki. Ina roƙon Allah kaset ɗinka ya riga hadarin isowa, don in kai ka ce, Inna za ta riƙe alfaharinta, in ni na yi, zan karya mata shi.

Ɗazu da hantsi ta same ni a bakin zaure da takarda a kan gwiwa. Ta tsaya kamar mai neman tsintsiya, sannan ta ce, "In yayanku kake rubuta wa, ka ce masa ɗakin ya yi kyau. Shi za ka fara faɗa." Na ce to. Ta juya za ta tafi, ta ɗaga kai ta dubi saman ɗakin, ta dubi gabas, ta ce, "Sauran kuma kai ka sani."

Ka gai da Yaya Lauratu da kyau, ka ce kukar da ta aiko a nema mata tana cikin ƙullin da ke hannun Mati, har da daddawa. Ka shafa mini kan yara. Kawu Bature yana gaishe ka, Sakinatu da mijinta suna gaishe ka, Malam Maiwada ya ce in ce maka gidan Baba gidansa ne, ranar da ka ce a fara da asuba zai zo. Allah ya tsare mana Inna, ya sada mu da alheri.

Ka taimake ni kada Mati ya taso hannu wofi.

Ƙanenka,
Mudi.